Sunan Da Marka Ba Ta Faɗa

Unguwar Tsamiya, Gammo
Farkon damina

Zuwa ga Na Lami,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu. Yaya aiki, yaya Rifkatu, yaya ƙarin haƙurinku? Yaya mutanen cocinku da suka tsaya muku? Ka gaishe su, ka ce tsohuwa ta gode.

Sa'adiya matar kawunka Haladu ce ke rubuta mini. Daga Islamiyya ta taso, ko hijabi ba ta cire ba na zaunar da ita. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ta ƙi ni, da kunnen hagu da ya daina aiki. An yi ruwan shuka, Haladu ya zuba mini gero a bayan gida, yana ta mita wai gonar duk tsakuwa.

Labarin rasuwar 'yarka Saraya ya iske ni ina tsince irin wake. Haladu ya shigo da waya a hannu ya tsaya a kaina, ina ganin fuskarsa na gane ba lafiya. Da ya kara mini a kunne na ji muryarka, na mayar masa. Ka san ba na iya magana da kai a cikin abin nan.

Yarinyar nan ƙawata ce fa. Zuwanku na Kirsimeti ita ta ɓoye mini sanda a bayan rumbu ta ce sai na yi mata rawa. Ta leƙa bakina ta ce, Kaka ina kika kai haƙoranki? Na ce akuya na ba aro. Ta bi akuyar nan tana buɗe mata baki. To, yau ga ni da sandata ba mai ɓoyewa.

Na so zuwa, ƙafa ta hana, an kuma ce a ranar kuka binne ta. Ka yi haƙuri, ka ba matarka haƙuri. Mu a yadda muka taso, ɗan fari dama ba na iyayensa ba ne, ba a sa shi a gaba. Ka riƙe wannan ko ka ji sanyi.

Fasto ya sanar a coci wai bayan kaka za a ɗibiya maka hannu ka zama cikakken fasto. Matan zumunta sun yi ta guɗa, ni dai na sunkuyar da kai. Allah ya kai mu.

Ni ce,
Marka

*

Daga ƙasar Kontagora

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi. Yaya ƙafa, yaya Kawu Haladu da Anti Sa'adiya? Rifkatu tana gaisuwa. Tana cin abinci yanzu, kaɗan kaɗan.

Wasiƙarki ta zo. Na karanta har inda kika ce ɗan fari ba na iyayensa ba ne, na ajiye. Inna, ai ba sai kin aiko mini a rubuce ba, na daɗe da sani. Tun ina yaro a Getso wurin Gwaggo Lami na sani. Ina zuwa in durƙusa a gabanki a kasuwa in gaishe ki, ki amsa kina kallon faifan daddawa. Ƙannena kina kiran su da sunansu har da na wasa, ni kuwa Na Lami, ko wancan, ko a ce masa. Na binne 'yata da hannuna, na buga waya ina so in ji muryar uwata, kika miƙa wa Kawu.

Maganar naɗi kuma, ki gaya wa matan zumunta su rage guɗa. Na yanke shawara zan gaya wa dattawan coci su cire sunana. Shekaru ina yawo ƙauye ƙauye ina gaya wa mutane Allah yana ƙaunarsu. Yanzu idan na buɗe baki zan faɗa, sai in ji kamar ina tallan abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ban gani a gida ba, kuma wadda na nuna wa an ɗauke ta. Na iya aikin kafinta, zan koma kansa.

Tambaya ɗaya nake da ita, ki amsa ko ki bari. Tun da kika haife ni, kin taɓa faɗin sunana?

Ɗanki,
Jibirin

*

Unguwar Tsamiya
Gero ya fara bununi

Zuwa ga Na Lami,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Rifkatu. Yaya damina a wajenku? Nan ruwa ya yi yawa har katangar bayan ɗakina ta zauna.

Kada ka ce shirun da ka ji fushi ne. Takardarka a shagon mai taya ta kwanta a tashar Gwarzo, direban ya bar ta can ya manta, sai da Haladu ya je sayen taki aka ba shi. Sa'adiya ta karanta mini, ta kai tsakiya ta ce, Yaya ko in tsallake nan? Na ce karanta, ai ba ke kika faɗa ba.

Kai yanzu da karatunka duka, abin da ka fahimta ke nan? Ni da na ba ka abin da aka ba ni na jiƙa na sha. Da shi aka rarrashe ni, ban san wani ba. To zauna ka ji, tunda ka tono.

Lokacin da aka yaye ka ba mu shiga addini ba tukuna, gidanmu na gargajiya ne. Lami ƙanwar ubanka ta zo daga Getso da sabon zane na goyo. Ba ta taɓa haihuwa ba, tun kana ciki aka ce nata ne. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ma cewa zan yi a ɗauka, don wadda ta riƙe ɗan farinta a lokacin abin nuni ce, har waƙa 'yanmata za su sa ta a ciki. Da na ga ta shimfiɗa zanen sai na ɗauki tulu na tafi rijiya. Na cika na zubar, na cika na zubar, har na tabbata kun yi nisa. Na dawo uwar mijina tana ta yabona wai yarinyar nan akwai kunya. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, na kwanta rub da ciki a kan tabarma na ce zazzaɓi ne.

Daddawar da kake magana, ka san dalilinta? Ni ban iya daddawa ba, warinta ma ba na so. Na je na koya wurin wata tsohuwa don in sami abin da zan ce zan kai kasuwar Getso. Ga kasuwanni kusa da mu, ubanka yana cewa, ke wai daddawarki sai Getso take ciniki? In ce can suka san darajarta. Wata rana a ƙafa, wata rana in samu akori-kura in ɗare kan buhuna. Kuma ba a layin masu daddawa nake zama ba, a bakin hanyar da kuke bi in an tashi makaranta nake zama, cikin rana, masu goro suna korata.

Ka ce ina kallon faifai. E, ina kallon faifai in ka iso. Kafin ka iso fa? Tun ka karyo kwanar rimin nan na gama kallonka. Na san ranar da ka yi faɗa, na san ranar da ba ka ci abinci ba, na san rigarka ta yage a kafaɗa. Wa kake zaton yake gaya wa Lami yaron nan yana ɗingisa ƙafar dama, a duba ko ƙaya ce? Shekarar da ƙyanda ta kama ka, a bayan dangar Lami na yini ina jin numfashinka. Ta ce in shigo, na ce sauri nake.

Yadda na shiga addinin nan kuma, kai ne sanadi, ba ka sani ba. Wani mai bishara yakan zo ya zauna gindin tsamiya yana wanke wa mutane gyambo yana ba da labari. Mu mata muna daga baya muna tsinkar zogale. Rannan sai ya ce wai da Yesu ya fito daga ruwan kogi, ga jama'a cike da bakin gaɓa, sai Uban ya yi magana daga sama kowa yana ji, ya nuna shi ya ce nasa ne, kuma yana son sa. Na ja mayafi na rufe fuska. Na taɓa ta kusa da ni na ce, ke, ɗan farinsa fa? A gaban mutane? Wannan Allah ba shi da kunya. Muka yi ta dariya har mutumin ya waiwayo.

Na koma gida na ɗora taɓarya a turmi na kasa dakan. Ni ina ɗauke da abu a ƙirji shekara da shekaru ba inda zan sauke, ga wanda ya fi kowa girma ya faɗi nasa a fili bai ragu da komai ba. Na ce wannan ko ban faɗa ba zai gane. Na fara zuwa gindin tsamiya, ubanka ya biyo ni daga baya, sannan muka aika Lami ta sa ka a ajin baftisma.

Tambayarka kuwa, a'a. Ban taɓa ba. Ko a addu'a wancan nake cewa, ya san wanda nake nufi. Sa'adiya tana kuka tana ɓata takarda, bari mu tsaya nan.

Kada ka kai wa dattawa maganar nan sai ka sake rubuto mini.

Marka

*

Daga ƙasar Kontagora

Inna,

Ina gaisuwa. Yaya jiki? An gyara katangar? Ki ce wa Kawu kada ya bari ki kwana a ɗakin in ana ruwa.

Da na ji shiru na ɗauka kin yafe ni ne gaba ɗaya. Sai ga wasiƙarki. Rifkatu ce ta ƙarasa karanta mini, ni na kasa. Na tuna ƙayar nan, Inna. Na tuna ina mamakin yadda Gwaggo ta sani, don na ɓoye mata.

Ki gafarce ni kan abin da na rubuta. Amma wasiƙarki ta sauke mini wani kaya ta ɗora mini wani. Ke kin ɓoye ni, ga ni a raye. Ni na ɗauki Saraya a wuya ina zaga gari da ita, ina kiran sunanta daga kan bagade a coci, ina cewa ku ga abin da Allah ya ba ni. Wata tsohuwa a nan ta taɓa ja na gefe ta ce, Malam, ka rage nuna yarinyar nan, ta fari ce. Na yi mata wa'azi a kan camfi. Ranar jana'iza ta zo ta zauna, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Na san amsar da zan ba wani in ya zo mini da wannan. Na koyar da ita sau da yawa. Amma ni ba ta ratsa ni. Tun da aka rufe ramin ban yi addu'a ba, sai dai in motsa baki in ana yi. Ko ku ne da gaskiya, Inna? Ko da na yi shiru irin naki da tana nan?

Dattawa za su zauna da an gama yankan dawa. Ban je musu ba tukuna saboda kin ce in jira. Amma mutumin da ba ya addu'a ba ya kiwon kowa.

Ɗanki,
Jibirin

*

Unguwar Tsamiya
Ana girbin gero

Zuwa ga Na Lami,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni kam ina kwance, ƙafar ta kumbura har sama, Haladu ya kai ni asibiti a Kabo sun ba ni ƙwayoyi. Kada ka tayar da hankali, bakin dai yana nan.

Wannan tsohuwar taku, da ina kusa da na tambaye ta nata nawa suka rayu. Ka saurare ni da kyau. Zulai da muke ɗebo ruwa tare, ta fi ni kunya nesa, ɗan farinta ko inuwarsa ba ta takawa. Shekarar ƙyandar da ta bar ka ita ta tafi da shi. Ta binne shi ba ta taɓa ɗora shi a cinya a gaban kowa ba, kuma ko kuka ba a bar ta ta yi ba, aka ce ta shiga ɗaki kada a ga idonta. Har ta mutu, in an ambaci shekarar sai ta tashi ta bar wurin. Ni kuma cikin ƙannenka biyu na sa a ƙasa, ba na fari ba ne, ba abin da aka ce na karya. Ɓoyewa ba ta tsare kowa ba. Mun yi ne don haka muka tarar, don a ce muna da kunya. Ba magani ba ne.

Saraya ta tafi ta san ubanta yana son ta. Ta ji da kunnenta, ta hau wuyanka ta ga saman kan mutane. Kai kana neman ka yi da-na-sanin wannan? Ni da za a ba ni rana ɗaya irin wadda ka yi da ita, da na ba da sauran kwanakina.

Kuma wancan labarin na bakin kogi, ai kai ka fi ni sanin ƙarshensa. Wanda ya nuna ɗansa a gaban jama'a, a gaban jama'a ya ga an kashe shi. Da mai bisharar ya kai nan ban yi dariya ba. Na ce ashe shi ma ya sani. To inda kake tsaye yanzu, ba wurin da bai taɓa tsayawa ba ne. In ba ka iya yi masa magana, ka zauna kusa da shi ka yi shiru, yadda ake zaman makoki. Ba a korar mai zaman makoki don bai yi magana ba.

Aikin kuma ba zan ce ka karɓa ba, ba zan ce ka bari ba, ba ni na kira ka ba. Kafinta ma mutum ne. Abin da na sani shi ne mutanenmu akwai masu so da yawa, bakin faɗa ne babu. Ranar da aka ce ka zama mai bishara na ce a raina, to, ga wanda zai je yana faɗa wa mutane a fili abin da uwarsa ta kasa. Ban taɓa zama a gabanka kana wa'azi ba, in ka zo gida ka hau bagade a waje nake zama bayan taga, ka sani. Amma ina ji.

Sauran magana ɗaya. Lahadin da ta wuce kafin in kwanta, na sa aka ɗora ni a babur zuwa coci. Da aka zo wurin masu neman addu'a na dafa sanda na miƙe. Kowa ya ɗauka gwiwa ce. Na ce ku yi wa ɗana addu'a, yana cikin duhu. Faston namu sabo ne, yaro ne daga kudancin Kaduna, bai san kanmu ba. Sai ya ce, wanne daga ciki, Mama? Faɗi sunansa mu kai shi gaban Ubangiji.

Mutane suka fara kallon juna. Matar da ke kusa da ni ta ja mini zane ta ce, zauna Marka, mu mun san wanda kike nufi, bari in faɗa masa. Na ture hannunta.

Na gaji. Sa'adiya, rufe takardar.

Marka

Ƙari daga ni Halima Sa'adiya. Jibirin, na ce mata Yaya ai ba ki ƙarasa ba, me kika ce wa faston? Ta ce ke tashi ki ba ni wuri, kin cika bin diddigi kamar mai awon gona. Ta juya fuska bango. Da na fita sai na bi gidajen matan cocin na tambaya, uku na tambaya don kada a ƙara mini gishiri, duk bakinsu ɗaya. Sun ce ta tsaya dafe da sandarta, ta ce, Jibirin, ɗana na fari, ina son sa, ku taya ni roƙo. Sun ce tsofaffin sun rufe fuska, faston kuma ya rasa gane abin da ya faru, yana ta duban mutane. Ni ba addininmu ɗaya da ku ba, amma na yi shekaru ina aure a gidan nan ban taɓa zaton zan ji wannan ba. Kawunka ya ce in gaya maka gaskiya, jikin ya fi yadda ta faɗa. Ba ta cin komai sai kunu. In kana da halin zuwa, kada ka jira a gama kaka.

*

Daga ƙasar Kontagora

Inna,

Ina gaishe ki, yaya jikin? Anti Sa'adiya, na gode, Allah ya saka. Ki karanta mata wannan a kunnen dama, a hankali.

Da wasiƙar ta zo na tafi wurin kabarin Saraya da rana tsaka na zauna. Na yi shirun da kika ce. Can sai na ji bakina ya ce, ga Saraya nan, ka san ta. Iyakar addu'ar ke nan, ban iya ƙarawa ba. Amma na san da wanda nake magana.

Na je wurin dattawa. Na gaya musu komai, har da watannin da na yi ina motsa baki. Na ce in suna son mutum irin wannan, su bar sunana. Babbansu ya ce sun bari. Zuciyar ba ta warke ba, Inna, kada ki ɗauka ta warke. Ranar Lahadi na hau bagade, na kai inda zan ce Allah yana ƙaunarku, maganar ta yi mini nauyi. Amma na faɗa.

Muna tasowa jibi ni da Rifkatu, wataƙila ma mu riga takardar nan isowa. Ba zan roƙe ki ki maimaita ba. Na san in na yi sallama bango za ki juya wa fuska. Ki juya abinki. Zan zauna a bakin ƙofa in gaishe ki, ki jira ni kawai.

Ɗanki na fari,
Jibirin